Motar Da Ke Zuwa Har Ƙofar Gida

Duk baƙon da ya sauka a Maiduguri ya ce a kai shi cibiyar gari, Dandal za a nufa da shi. Hanya ce mai faɗin gaske wadda ta miƙe sak ta nufi gabas, ba ta tsaya ba sai a ƙofar fadar Mai Martaba Shehun Barno, ga babban masallacin Juma'a a gefe. Gidajen da suka kewaye fadar nan su ake kira Shehuri, akwai ta Arewa akwai ta Kudu. A bakin Barebari, in an liƙa "ri" a ƙarshen suna to mazauni ake nufi, watau Shehuri mazaunin Shehu ke nan, kamar yadda Hausari take mazaunin Hausawa. Daga nan birnin Yerwa ya tsiro a 1907, sa'ad da Shehu Abubakar Garbai ya baro Kukawa ya kafa sabuwar fada, fadawa da malamai da masu sana'a suka yi gidaje kewaye da shi.

Amma kada faɗin Dandal ya ruɗi mutum. Da zarar an saki babbar hanya an kutsa cikin unguwa sai lunguna su tsuke, wani lungun ma mutum biyu ba sa jerawa sai ɗaya ya raɓe da bango. Ƙamshin turaren wuta yana biyo zauruka yana tarar mai wucewa, yara na karatun allo, dattawa na zaune bisa tabarmi da hulunansu na zanna. Waɗanda suka zana unguwar nan da doki da jaki suka yi lissafi, ba da mota ba.

A ɗaya daga cikin lungunan nan ne wata tsohuwa, wadda ta ba shekara 70 baya, ta idar da sallar asuba wata ranar Laraba cikin Janairun 2025, ta naɗa sabuwar lafaya, ta zauna a bakin ɗaki tana jiran mota. A jikin bangon da ta jingina ana ganin layin da ruwa ya bari, tun daga ambaliyar 10 ga Satumba 2024, ranar da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Shehuri har ya shiga fada. Ita dai ba 'yar unguwar ba ce asali. A wani ƙauye na ƙasar Konduga aka haife ta, can ta yi aure, can aka binne mijinta. A farkon 2014, da aka kai wa Kawuri hari a ƙarshen Janairu, aka kuma faɗa wa Konduga kanta cikin Fabrairu, mutanen ƙauyukan yankin suka watse, ita kuwa ta shigo Yerwa a ƙafa tana jan jikoki, ta sauka gidan ƙanenta. Ta zo da niyyar mako biyu, sai ga shekara 11.

Da gwamnatin jiha ta shiga rufe sansanonin 'yan gudun hijira na Maiduguri daga 2021, ana mai da mutane garuruwansu, ɗanta ya kwashi iyalinsa ya koma. Ita ba ta bi shi ba. Gwiwoyi sun ƙi, ga kuma abin da ido ya gani wanda ba ya goguwa. To, yanzu an aiko cewa matar ɗan nata ta sauka lafiya, an sami mace, kuma sunan tsohuwar za a raɗa wa jaririyar. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ina ƙafar?

Mai karatu wanda bai san ƙasar ba zai ce, daga Maiduguri zuwa Konduga kimanin kilomita 35 ne kacal, me ya yi zafi? Lalle ga matashi mai lafiya ba kome ba ne. Amma a duba yadda tafiyar take ga mai sanda. Tilas ta taka daga lungu zuwa bakin titi, da kaya a ka. Ta tari Keke Napep zuwa Tashar Bama. Ta zauna cikin mota har sai ta cika, ko da zai ɗauki rabin yini. Sa'an nan a sauke ta a bakin kwalta, a bar ta da sauran tafiya ta cikin yashi zuwa ƙauye. A da wannan ƙarshen ba ya ba kowa tsoro, domin ɗan acaɓa yana nan, shi ne mai ɗauko mutum daga ƙofa ya ajiye shi a ƙofa. Sai a watan Yuli na 2011 gwamnatin Barno ta hana hawan babur a Maiduguri da kewayenta, saboda masu kai hari sun mai da shi abin hawansu. A cikin birni keke mai ƙafa uku ya cike gurbin. Daga baya, bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, gwamnatin jihar ta zuba motocin safa masu rangwamen kuɗi, har Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya zo cikin Disambar shekarar ya ƙaddamar da waɗansu masu aiki da lantarki da iskar gas. Talakan birni ya ji daɗinsu ƙwarai. Sai dai manyan tituna ne hanyarsu, ba su san lungun Shehuri ba, balle burtalin ƙauye.

Abin da ya toshe wannan ɓaraka ba shi da suna a takarda, ba shi da ofis, ba shi da allon sanarwa. Mutanen ƙauye dai suna ce masa motar gari. Wani ɗan garin ne yakan sami tsohuwar ƙaramar bas, ya riƙa zirga-zirga tsakanin ƙauyensu da Yerwa. Lambar wayarsa tana hannun kowane gida, na can da na nan. Mai son tafiya sai ya buga masa da dare ya faɗi unguwarsa, shi kuwa da safe ya bi gida gida yana kwasa, in an isa ya sauke kowa a ƙofarsa. Kuɗin ya ɗara na tasha, amma in an haɗa da na keke da na mai dako, sai a tarar ba a yi asara ba. A Amurka da Ingila tun cikin shekarun 1970 aka soma irin wannan, inda ƙananan hukumomi ke ajiye motoci domin tsofaffi da naƙasassu da mazauna karkara, a buga waya a ajiye wuri, mota ta zo ƙofa. Can da dokar majalisa da kuɗin haraji ake yi. Nan kuwa bukata ce ta haife shi, sanayya ta raine shi. Ba kuwa zai yiwu ba sai da waya, abin da mutanen Barno suka san darajarsa fiye da kowa, tun da sun ɗanɗana zama watanni babu ita bayan dokar ta-ɓaci ta watan Mayu 2013.

Tsohuwar ba ta taɓa shiga irin motar nan ba, ba ta kuma yarda da labarinta ba. A saninta mutum ne ke zuwa wurin mota, mota ba ta zuwa wurin mutum, sai ko motar mai sarauta. Jikanta ne ya buga wayar a daren Talata, aka ce ta shirya da ƙarfe 7. Ƙarfe 7 ya yi, babu mota. Rana ta hau katanga, aka kawo mata koko da ƙosai ta ture. Ta kwance ƙullin kayanta ta sake dubawa: turmin atamfa, sabulai, kwalbar humra, turaren wuta wanda ta haɗa da hannunta, da ɗan kaskon ƙona shi. Ta ɗaure, ta sake kwancewa. Wajen ƙarfe 8 ta ce da ƙanenta, "Na faɗa maka, yaran zamani sun yi mana wasa da hankali."

Ya ce, "Yaya, ki ƙara haƙuri. Ba ke kaɗai zai ɗauka ba."

Bai rufe baki ba sai ga sallama a zaure. Yaron mota ne, ɗan shekara kamar 15, ya durƙusa ya ce, "Wushe, Ya. Mota tana bakin lungu, ba ta iya shigowa." Ya ɗin nan ita ce uwa a bakin Barebari, haka ake kiran duk macen da ta isa haihuwar mai magana. Ya sungumi kayan ya aza a ka, ya miƙa mata kafaɗa ta dafa. Ashe har ƙofar gidan da ake faɗa, a Shehuri, ƙafar yaron nan ce ke cika ta.

A bakin lungu direba ya fito ya gaishe ta, ya buɗe mata gidan gaba. Ba ta shiga ba. Ta tsaya ta ƙare masa kallo, sa'an nan ta ce, "Ɗan nan, kai ɗan wane ne?" Ya faɗi sunan ubansa. Ta ce, "Maƙerin bayan masallaci?" Ya ce shi ne, Allah ya ji ƙansa. Ta yi shiru, domin ba ta ji rasuwar ba sai yau. Can ta ce, "Ranar sunanka ni na tuƙa tuwon." Ta miƙa masa sandarta, ta hau. Ƙanen ya zagayo ta tagar direba ya ce, "Amana ce na ba ka. Kafin magariba ina son ganinta a ɗakinta." Direba ya ce, "In Allah ya yarda, Baba."

Wanda yake gaggawa kada ya shiga motar gari. Daga Shehuri aka gangara Limanti aka ɗauki wani malamin makaranta, aka biya Hausari inda wata mata ta fito da buhun gishiri da garwar manja, aka tsaya gefen Kasuwar Litinin, wadda gobara ta cinye a Fabrairun 2023 aka sake gina ta, domin karɓar kwanon rufi guda 6 da wani ya aiko a saya masa. Direba yana da littafin 'yan makaranta a gaban sitiyari, a ciki yake rubuta saƙonni: maganin hawan jini na gidan liman, wayar da aka kawo gyara, ambulan ɗin kuɗi daga wani ɗan ƙwadago zuwa ga uwarsa. Ba rasit, ba sa hannu. Da aka ƙetare kogin Ngadda aka shiga Gwange, sai aka tsaya kusa da Asibitin Koyarwa aka ɗauki wani dattijo da aka sallama, da ɗansa mai jinya. Nan aka yi ta gyare-gyaren zama har aka sama masa gefen taga. A Tashar Bama direba ya sauka ya biya kuɗin ƙungiya, domin ko da ba a layin tasha ya yi lodi ba, ba ya son rigima da 'yan yuniyan. A cikin motar kuwa Barbarci da Hausa da Larabcin Shuwa sun cakuɗe, kowa na tambayar kowa mutanen gida.

Sai wajen ƙarfe 10 aka fuskanci hanyar Bama sosai. Ga Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, da doguwar katangarta. Ga Dalori, ƙauyen da aka ƙona a daren 30 ga Janairu 2016, inda kuma dubban 'yan gudun hijira suka yi shekaru a sansani. Hirar cikin mota ta ɗan lafa a nan, kowa da abin da ya tuna. Malamin makaranta ne ya kawar da shirun. Ya nuna wa ɗan mai jinyar yadda hanyar ke tafe bisa wani dogon tudun yashi, ƙasa tana gangarawa ta gefe. Ya ce masana sun tabbatar cewa tudun nan, wanda ya taso ta Maiduguri ya bi ta Konduga har Bama, shi ne tsohon gaɓar Tafkin Chadi, a zamanin da tafkin yake kamar teku, dubban shekaru da suka wuce. Gaskiya ya faɗa. Cikin shekarun 1990 masu tonon tarihi na Jami'ar Frankfurt ta Jamus, tare da takwarorinsu na Maiduguri, sun tono fasassun tukwane a Konduga waɗanda suke cikin mafi tsufa da aka samu a wannan sashe. Watau tun kafin a san Kukawa, tun kafin Birnin Gazargamu, mutane ke bin tudun nan da kayansu a ka. Tsohuwar dai ba ta tanka ba. Ita ma ta bi shi a ƙafa, ba kuwa dubban shekaru ba ne.

Hanyar da kanta ta yi shekaru a rufe. Bama ta faɗa hannun 'yan Boko Haram a Satumbar 2014, sojoji suka ƙwato ta a Maris 2015, amma ba a buɗe wa jama'a hanyar zuwa can ba sai a Maris 2018. Shi ya sa shingaye suka yi yawa. A wani shingen sojoji da 'yan kato-da-gora suka ce kowa ya sauka ya taka a ƙafa, a nuna katin shaida. Gaban tsohuwar ya faɗi, ta shiga laluben bakin zaninta. Direba ya leƙa ya yi magana da sojan, ya nuna ta, ya nuna dattijon mara lafiya. Sojan ya dube su, ya ɗaga hannu ya ce Mama ta zauna abinta. Ƙaramin abu ne, amma wanda ya hau motar da ba a san shi ba, ba shi da mai yi masa wannan magana.

Tun daga nan direba ya shiga duban agogo. Ba don yunwa ba. Duk direban da ke bin hanyoyin Barno ya san cewa tafiya ta rana ce, kuma wanda yamma ta yi masa a waje yana iya tarar da an rufe ƙofar shiga gari. Ba wanda ya manta da Auno, a kan hanyar Damaturu, inda a daren 9 ga Fabrairu 2020 aka faɗa wa matafiyan da suka kwana a bakin hanya suna jiran gari ya waye, aka kashe mutum wajen 30, aka ƙona motoci. Saboda haka alkawarin da ya yi wa mai gidan Shehuri ba maganar fatar baki ba ce. Da lissafi ya yi shi, kuma kowane tsayawa yana cin lissafin.

Kafin a kai cikin Konduga motar ta saki kwalta ta faɗa hanyar yashi. Ƙura ta tashi, kwanon rufi yana ƙara a bisa, dattijo yana salati a kowane rami. Gonaki sun bushe, an girbe gero da wake, sai karan da aka tattara. Amma mai lura zai ga gonakin ba su yi nisa da gari ba, sun taru kusa kusa kamar tumakin da suka ji ƙanshin kura. Can gaba, inda a da ake noma har ido ya gaji, ciyawa ce da ƙaya. Sau ɗaya motar ta kafe, maza suka sauka suka tura.

Tsohuwar ta yi shekara 11 tana zana ƙauyen nan a zuciyarta: tsamiyar bakin rijiya, lungun da ke bi ta bayan masallaci, dangar gidanta. Da motar ta ƙetare ramin tsaro da aka haƙa kewaye da garin, sai ta ga abin da ba ta sani ba. Gidaje ne na bulo a jere, layi layi, rufinsu iri ɗaya, ƙofofinsu iri ɗaya, fentinsu iri ɗaya. Tsamiyar tana nan, amma duk abin da ke kewaye da ita ya sauya wuri. Ta riƙe hannun direba ta ce, "Ɗana, ka tabbata nan ne?" Ya ce, "Nan ne, Ya. Ki bari in sauke mara lafiya tukuna."

Da a bakin kwalta aka ajiye ta, ko da ƙafarta lafiya lau, da sai ta yi tambaya kamar baƙuwa a garin da aka yanke mata cibiya. Direba kuwa bai tambayi kowa ba. Ya sauke dattijo, ya miƙa maganin gidan liman ta kan danga, ya kira wata mata ya danƙa mata ambulan, ya sauke kwanon rufi a layi na biyu. A layi na huɗu ya tsaya gaban wani gida inda hayaƙi ke tashi, mata sun cika tsakar gida, tukwanen burabusko na kan murhu. Ya danna ham sau biyu. An riga an raɗa suna tun da sassafe, maza sun watse, amma taron mata yanzu ya soma. Wata ta leƙo, ta ƙwala guɗa. Kafin yaron mota ya sauke kaya an kewaye tsohuwar, waɗansu na kuka waɗansu na dariya, aka shige da ita ɗaki aka aza mata takwararta a cinya.

Abin yana da kyau, amma ba shi da ƙarfi, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Garin nan ɗungum ya rataya ne a kan mutum guda da inji guda wanda ya daɗe da tsufa. Ranar da direba ya kwanta zazzaɓi, ko motar ta kwana wurin makaniki, ba maganin liman, ba mai kai mai naƙuda asibiti. In fetur ya hau, kuɗin mota ya hau, mai ƙaramin ƙarfi ya fasa tafiya. An kashe kuɗi mai yawa wajen gina gidaje da makarantu domin mutane su koma, kuma an yi abin kirki. Sai dai komawa ba ta cika ba in tsoho da mai ciki da gurgu ba su da hanyar zuwa su dawo. Da ƙananan hukumomi za su dubi direbobin nan, ko da da rancen gyaran mota ne, ko a zuba tsakuwa a inda suke kafewa, da kuɗi kaɗan ya yi aikin da manyan motoci ba za su iya ba. Abin da ba za a iya saya musu ba, watau sanin gidan kowa da uban kowa, sun riga suna da shi.

Ƙarfe 3 bai cika ba ya dawo layi na huɗu ya danna ham. Motar ta riga ta ɗauki masu komawa, an ɗaure buhunan gawayi da kaji a bisa, gidan gaba kaɗai aka bari. Yaron mota ya shiga ya fito shi kaɗai. Direba ya kashe mota ya shiga da kansa, ya durƙusa a bakin ƙofa. Tsohuwar tana zaune ta kwance lafayarta, jaririya na barci a ƙafafunta, hayaƙin turaren da ta kawo ya cika ɗakin.

Ya ce, "Ya, rana tana tafiya. Na yi wa Baba alkawari."

Ta ce, "Na ji da kunnena. Ka ce masa ni na karya, ba kai ba. Yaushe za ka sake zuwa?"

Ya ce, "Kullum ina hanya, in dai an buɗe ta."

Ta ce, "To, ka zo mini ranar Laraba ta sama." Ta kira jikanta ya buga wa ƙanen waya, aka yi ta ja-in-ja, daga bisani ya haƙura. Ɗanta ya fito da rabin buhun wake ya ce a kai wa kawunsa. Babu sauran wuri a baya, saboda haka a kujerar gaba aka ajiye shi, inda ta zauna da safe. Direba ya buɗe littafinsa ya rubuta: wake, Shehuri ta Arewa, lungu na uku bayan masallaci. Ya dubi agogo, ya tashi mota.